Baƙuwa a Ɗakin Sanyi

Da Baƙuwa ta ƙi kan kifi, Lantana ta san magana ta wuce wasa. Kyanwar da ke jin ƙamshin busasshen kifi tun yana ƙulle a bakin zane, tun Lantana ba ta shigo zaure ba, yau ga shi an ajiye mata a gaban hanci ta kau da kai. Kwanaki ke nan tana haka. Ta sha ruwa ta amayar, ta lallaɓa bayan randa ta kwanta. Cikinta ya yi tulu, ƙashin bayanta kuwa sai ƙara fitowa yake yi.

Baƙuwa dai baƙuwa ce ta gaske, shi ya sa aka sa mata sunan. Shekarar da Illo mijin Lantana ya rasu ta faɗo tsakar gida ta kan katanga, 'yar mitsitsiya, baƙa wuluk, ba wanda ya gayyace ta. Lantana ta kore ta da tsintsiya, ta dawo. Ta sake kora, ta sake dawowa, ta ma zauna a bakin murhu tana kallonta kamar ita ce mai gidan. Daga nan aka sasanta. Yanzu shekarun sun haura goma, kuma in ka cire kyanwar nan, babu wani mai numfashi da ke kwana a sashen Lantana.

Ba wai mutanen Dogon Dutsi sun tsane ta ba ne. Da tsana ce ma da ta fi sauƙi, ko ba komai a yi cacar baki a ji muryar juna. Illo ya ɗauko ta daga Matankari tana budurwa, labarin uwarta kuwa ya riga ta isowa: mace ce da iskoki ke hawa, sananniya a wajen 'yan bori. Lantana ba ta taɓa shiga ba. Sallarta take yi, kopto, wato dafaffen zogale, take kwaɗawa da ƙuli-ƙuli tana sayarwa a ƙofar gida. Amma tsohuwa ita kaɗai, ba ɗa ba jika, ga baƙar kyanwa na bin ta a baya, ai mutane ba sa jiran a yi musu bayani. Samarin 'yan kasuwa da dangin Illo suka zuba haya a ɗakunan gaba yara ne masu ladabi, wando a ɗage, gemu a taje. Sukan gaishe ta daga bakin zaure, su wuce kafin ta gama amsawa. In ta miƙa musu kwanon kopto, kwanon kan dawo a wanke tas, har da godiya, ita kuwa ta sha ganin awaki na cin abin a bayan katanga.

Ɗaya daga cikinsu, Bilyaminu mai sayar da wayoyi, shi ya ji ta tana rarrashin kyanwar. Ya tsaya daga nesa ya ce akwai wata likitar dabbobi a bakin hanyar da ta nufi Tibiri, tana da na'urar da ke leƙa cikin dabba ba tare da an tsaga ba, eko ake ce mata, masu kiwon tumaki na kai nasu a duba musu ciki. Ya ƙara da cewa tausaya wa dabba akwai lada. Yana kallon ƙasa ya faɗa, ya yi gaba. Lantana ta daɗe tana juya maganar a ranta, ba don ekon ba, don tsawonta. Rabon da wani a gidan ya jera mata zance haka har ta manta.

Washegari da hantsi ta saka Baƙuwa a kwando, ta ɗaure bakinsa da tsohon ɗankwali, ta ɗora a ka. Tsakiyar bazara ce, lokacin da dutsen bayan gari ke mayar wa mutane da duk zafin da ya sha, iska ta tsaya cik, kaji su saki fukafukai su buɗe baki. Wani mai kabu-kabu ya tsayar mata da babur ɗinsa, da ya ji kukan da ke fitowa daga kwando sai ya tuna yana da uzuri. Da ƙafa ta ƙarasa.

Likitar ba ta kai yadda Lantana ta zata ba. 'Yar siririya ce, Lubabatu, 'yar Gecheme da ta yi karatu a waje ta dawo ta kama gidan haya, ta kafa rumfa a gaba don tumaki da shanu, hannuwanta duk tabon igiya da na ƙaho. Ita kaɗai take aikinta. Ta ba Lantana kujera, ta ɗauko mata ruwan leda mai sanyi ƙarara daga firigo. Lantana ta karɓa da hannu biyu ta riƙe, ga ƙishi har maƙogwaro, amma ba ta iya shan ruwa a gaban yarinyar da ba ta sani ba. Abin da ya kama zuciyarta shi ne likitar ba ta yi dariya ba da ta leƙa kwandon. Sunan kyanwar ta tambaya, da shekarunta, da abin da take ci, da yaushe aman ya fara. Lantana ta amsa abin da aka tambaye ta, ta ɗora da wanda ba a tambaya ba, har labarin tsintsiya sai da ya fito. Lubabatu ta bar ta ta gama.

Wajen fito da mara lafiyar daga kwando aka sha daga. Kyanwar da ba ta iya ɗaga kai a gida, tana jin baƙon hannu ta tuna da faratanta, ta yi wa likita zane biyu a wuyan hannu ta maƙale a kusurwar kwando tana huci. Lubabatu ta ce ba yadda za a yi a ɗora mata na'ura tana wannan, sai an yi mata allurar barci. Lantana ta tambaya ko za ta tashi. Likitar ta ce tsohuwa ce kuma ta galabaita, don haka kaɗan za ta sa mata, da yardar Allah za ta tashi. Aka danne ta da zane, aka soka allurar a cinya. Ba a jima ba kan Baƙuwa ya langaɓe.

Ɗakin ciki aka kai ta, inda na'urar take. Lantana na sa ƙafa ta ja numfashi. Sanyi ne irin wanda ba ta taɓa shiga ba, yana hurowa daga wani farin akwati a saman bango, wanda likitar ta kira kilim. Ta ce ba don jin daɗinta take kunna shi ba, ekon ne ba ya son zafi, in ya ji bazarar Dogon Dutsi sai ya ɗauke. Lantana dai ba ta damu da dalilin ba. Zufar da ta kwaso tun daga gida ta bushe nan take, ta ce a ranta yau kam Baƙuwa ta shigo gidan masu hali.

Sai ga likita tana ta ɓata wannan ni'imar. Ta shimfiɗa bargo a kan teburin ƙarfe, ta ninka shi. Ta ɗauko safar hannu ta roba irin ta asibiti, ta cika su da ruwan ɗumi daga falas, ta ƙulle bakinsu, suka kumbura da yatsunsu, ta nannaɗe su da tsumma ta jera a gefen kyanwar. Abin da ya fi ɗaure wa Lantana kai shi ne safar jarirai, 'yan ƙanana masu ratsin ja, da likitar ta zura wa Baƙuwa a ƙafafu huɗu. Sannan ta aske mata ciki tas, har fatar ta fito fara sol, wadda Lantana ba ta taɓa sanin haka take ba. Ko man da za ta shafa mata sai da ta tsoma kwalbarsa a ruwan ɗumi.

Da ta ga tsohuwar ta ƙura wa safar ido, sai ta ce, "Inna, in allurar ga ta kama su, jiki mancewa shikai da ɗumama kainai. Ko makyarkyata ba su iya yi. Ga ciki aske, ga kilim. Nan ɗakin ga sanyi shi ka kashe su, ba zahi ba."

Lantana ta ce to. Irin to ɗin da ake ce wa 'yan lakwal ne, wato 'yan boko, in sun zo da sabon zance, don a zauna lafiya. A ranta kuwa cewa ta yi, sanyi a bazara? Ita da ta shekara sittin da ɗoriya a ƙasar nan, ta ga wanda rana ta kayar a gona, ta ga jaririn da zafi ya busar, ba ta taɓa jin wanda sanyi ya ɗauka a watan da ko bango ba ya jinginuwa ba.

Aka ɗora wa cikin wani abu mai kama da kan muciya, allon na'urar ya cika da inuwoyi, toka-toka da baƙi, suna motsi. Lantana ta duba ta duba, ba ta ga kyanwarta a ciki ba, sai ta koma kallon fuskar likita, wadda ta fi allon karantuwa. Da farko Lubabatu na magana, ga ƙoda, ga mafitsara, ga hanji. Da ta kai wani wuri ƙarƙashin haƙarƙari sai maganar ta yanke. Ta wuce wurin, ta dawo, ta karkata hannu, ta sake dawowa. Ta ɗan cije leɓe. Daga ƙarshe ta goge man da tsumma, ta naɗe Baƙuwa a bargo har wuya, hanci kawai a waje, ta gyara zaman ruwan ɗumin, ta ce za su yi magana in ta farka.

A daidai nan aka rafka sallama a waje. Wani makiyayi ne, Mani, ya kawo tunkiya a amalanke, haihuwa ta gagara tun asuba, ƙafar ɗan ta leƙo ta tsaya. Lubabatu ta leƙa ta taga, ta suri falas ɗin da jakarta. Daga bakin ƙofa ta waiwayo ta ce wa Lantana ta zauna kusa da Baƙuwa, kada ta yaye mata bargon, yanzu za ta dawo. Ƙofar ta rufu.

Ɗakin ya yi tsit, sai hucin akwatin bango. Lantana ta jawo kujera ta zauna, ledar ruwan na kan cinyarta. Ta leƙa fuskar Baƙuwa. Idanun a buɗe suke, ba sa ƙiftawa, ba sa kallon komai. Bakin harshe ya ɗan leƙo. Ta kira sunanta a hankali, ta kira da ɗan ƙarfi, ta yi mata tsotsar leɓen da take yi in za a ci kifi. Ko kunne bai motsa ba. Ta sa ido a kan bargon tana neman numfashi, sai da ta daɗe kafin ta ga ya ɗan ɗaga.

Ta san wannan fuskar. Ta gan ta a wajen uwarta, in iska ya sauka ya bar ta yashe a tabarma, mata su kawo ƙwarya su yayyafa mata ruwa, ta yi atishawa ta dawo cikin mutane. Ta gan ta a wajen matan da suka sume a gidan rasuwa. Ta gan ta a wajen Illo, ranar ƙarshe, yana nuna ƙirjinsa da yatsa a jiƙa masa. Duk wanda ya faɗi a ƙasar nan ruwa ake fara kai masa, kafin magani, kafin addu'a ma. Ba wanda ya koya mata wannan, kamar yadda ba wanda ya koya mata tauna.

Ta cusa hannu cikin bargon, ta ji ɗumin robobin nan, ranta ya ɓaci. Ga baiwar Allah a sume, an ƙunshe ta kamar ɗanwake a tukunya, an hana ta iska. Ta dubi ƙofa. Daga waje tana jin kukan tunkiya da muryar likita tana cewa a riƙe mata kai. Yarinyar kirki ce, ba shakka, amma yarinya ce.

Ta yaye bargon. Ta kwashe robobin ta tura gefe, ta zare safar nan ɗaya bayan ɗaya. Ta ciji kusurwar ledar, ruwan da ta hana kanta, ta tsiyaya a tafin hannu ta yayyafa wa Baƙuwa a fuska da bismillah. Shiru. Ta shafa mata a kunnuwa, a tafin ƙafafu, a kan askakken cikin. Da ta ga ba ta motsa ba sai ta juye sauran gaba ɗaya, gashin ya jiƙe ya manne, kyanwar ta koma rabin girmanta. Ta jawo ta gefen teburin da iskar akwatin ta fi bugawa, kan ƙarfen tsirara, ta kama gefen mayafinta tana yi mata fifita. Tun da ciwon nan ya fara, sai yanzu ta ji tana yi mata wani abu, har hankalinta ya ɗan kwanta.

Haka Lubabatu ta same su. Ta shigo da hannuwa a ɗage, ta wanke su har gwiwa, da fara'arta, don an ciro ɗan tunkiyar da rai. Fara'ar ta tsaya a bakin ƙofa. Da ta yi ihu ma da ya fi wa Lantana sauƙi. Ta kashe kilim, ta wangale ƙofa da taga, ta ɗaga leɓen kyanwar ta duba dasashi, ya yi fari fat. Ta zura mata ɗan ma'aunin zafi ta ƙarƙashin wutsiya, ta jira, ta duba, ta rufe ido na ɗan lokaci. Sannan ta suri busasshen tawul ta shiga goge ta da sauri, ciki da baya da ƙafafu.

Lantana na tsaye, mayafi a hannu. Ta fara bayanin cewa suma ta yi, ruwa kawai ta ba ta. Ta katse maganar a tsakiya, don ta kai hannu ta taɓa kunnen Baƙuwa ta ji shi kamar ganyen da ya kwana a raɓa.

"Ɗiyata, ni nak kashe ta?"

"Ba ta mutu ba, Inna. Ni ma na hita na bar kilim kunne." Ba ta ɗago ba, tana ta gugar.

Ruwan falas ya ƙare a wajen tunkiya, robobin da aka tura gefe sun huce. Lubabatu ta ɗora buta a kan gas, amma wuta ba ta san sauri ba. Lantana ta ce a kai ta rana mana, ga ta nan a banza tana ƙona gari. Likitar ta ce a'a, dabbar da ke barci ba ta iya gusawa in ta ji ƙuna, fata za ta soye alhali ciki na nan da sanyinsa, a hankali ake mayar da ɗumi. Ta waiga ɗakin tana neman abin yi, idonta ya tsaya a kan tsohuwar. Ta ce mata ta sassauta zanenta ta ɗaga riga.

Ta kwantar mata da Baƙuwa a ƙirji, askakken cikin a kan fatarta, kan a ƙarƙashin haɓarta yadda hanci zai samu iska. Sanyin ya ratsa Lantana har ƙashi. Likitar ta ɗauko mayafin za ta ɗaure su, tana lalube, sai hannun Lantana ya karɓe. Ta zagayo da shi ta ƙarƙashin hammata, ta tallafo gindin, ta ja, ta ƙulle, ba ta ko duba ba. Sau uku ta haihu a gidan Illo, ba wanda ya kai yaye. Ta ɗauka hannunta ya manta ɗaurin nan tuntuni, ashe yana nan.

A bayan gidan akwai 'yar baranda da benci, a inuwa, inda iskar kanta ɗumi ce. Nan aka zaunar da ita, aka lulluɓa mata bargo a kai. Mutum a tsakiyar bazara, da bargo. Zufa ta keto mata tun daga tsakar ka, ta bi bayan kunne, ta bi gadon baya. Lubabatu ta cusa tawul tsakanin wuyanta da kan kyanwar don kada jiƙa ta kai gare ta. Kunya ta ishi Lantana, da tsoro, da haushin kanta. An gaya mata da Hausa, ba da Faransanci ba, ta ce to, ta kuma yi abin da ta ga dama.

Mani ya zagayo neman likita don ya yi sallama. Ya ga tsohuwa a zaune cikin bargo, baƙin kan kyanwa na leƙowa daga ƙirjinta da idanu a buɗe. Ya tsaya turus, leɓensa ya motsa da abin da ake karantawa na neman tsari, ya juya ba tare da ya gaishe ta ba. Lantana ta san kafin magariba labarin ya kai tasha, ya kuma ƙara kitse a hanya. Ta duba ranta ta ga ko a jikinta.

Da ruwan ya yi ɗumi Lubabatu ta kawo sababbin robobi a naɗe ta cusa a gefe da gefe, ta mayar wa Baƙuwa safarta. Lokaci-lokaci takan ɗaga bargon ta auna, ta ce ya ɗan hau, ko ta yi shiru. Tsakanin awo da awo sai ta zauna a bencin, kafaɗarta na gogar ta Lantana, ba ta matsa ba. Aka kira azahar, suka ji ta daga nan. Likitar ta je ta yi ta dawo, Lantana ta ce tata ta jira, Allah na ganin abin da ke ƙirjinta.

Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, a gaya mata abin da aka gani a allon, don ta ga lokacin da fuskar likita ta canza. Lubabatu ta faɗa mata ba ɓoye-ɓoye. Wani tsiro ne a hanta, ya girma, shi ya tara mata ruwa a ciki. Ba abin da za a yanka a cire ba ne, ko a nan ko a Yamai, balle ga shekarunta. Akwai maganin da zai tsayar da aman ya rage mata zafi, har ta ɗan ci abinci. Wataƙila ta ga ruwan farko. Kaka kam ba ta sa rai ba.

Wata kurciya na ta kuka a kan katanga. Likitar ta sassauta murya ta ce akwai masu zaɓar kada a tashe su in abin ya kai haka, tun suna cikin barcin a ƙara musu allura su wuce ba wahala, kuma in Inna ta ga hakan ya fi, ba wanda zai ga laifinta.

"A'a," in ji Lantana. "Ba da ruwana za ta tahi ba. Ta tashi ta gan ni tukuna. In kwananta ya ƙare, shi ƙare gida."

Suka ci gaba da zama. Inuwar barandar ta matsa, suka matsa da bencin. Ƙafafun Lantana suka yi tsami, bakinta ya bushe, likitar ta kawo mata ruwa a kofi ta ɗora mata a baki da hannunta, ita kuwa ta sha, ta manta da zancen kunya. Wajen la'asar ta ji wani abu a ƙirjinta, ɗan kaɗan, kamar waya na ruri a cikin zane. Ya tsaya, ya sake. Ta zaro ido ta ce wa likita ga ta nan tana shure-shuren mutuwa. Lubabatu ta sa hannu cikin bargon, ta saurara, sai ta yi dariya, karon farko tun safe. Ta ce makyarkyata ce, jikin ya tuna aikinsa.

Daga nan abin ya zo bi da bi. Harshen ya koma ciki. Kunne ɗaya ya kaɗa. Idanun suka ƙifta, suka yi yawo a rufin baranda, suka sauko suka tsaya a haɓar Lantana. Baƙuwa ta buɗe baki, kukan bai fito ba sai a karo na biyu, siriri, a shaƙe, na mai ƙorafi. Lantana ta amsa mata da na'am, kamar yadda take amsawa a gida.

Sai da rana ta yi sanyi likitar ta sallame su. Ta ba ta maganin, ta nuna mata yadda ake ɗura shi ta gefen baki. Ta ce allurar ba ta gama sakinta ba, don haka yau a kwana a ɗaki, a rufe, ba iska, ba jiƙa ko kaɗan, har sai ta ga tana tafiya ba tangaɗi. Wannan karon Lantana ba ta ce to ba, maimaita maganar ta yi tun daga farko har ƙarshe, likitar ta gyaɗa kai. Ta rako ta har bakin hanya, ta ɗora mata kwandon a ka, wayam, don Baƙuwa na nan inda take.

A hanya Lantana ta yi ta shirya yadda za ta ba Bilyaminu labari, tunda shi ya tura ta. Za ta fara da ɗakin sanyi, ta gaya masa zancen safa, ta gaya masa wautar da ta tafka, ya yi dariya in ya so. Ta tarar da shi a ƙofar gida shi da abokansa, sun yayyafa wa ƙasa ruwa suna shimfiɗa tabarmi. Ya ce, "Sannu da zuwa, Inna." Idonsa ya sauka a ƙirjinta, ya ɗauke, ya koma gyaran tabarma. Ta ɗan tsaya ko zai tambaya. Ta shige da labarinta.

Magariba ta yi, unguwa duk ta fito waje. Ta ko'ina ana jan gadaje zuwa tsakar gida, ana watsa ruwa a daɓe, yara na faɗa a kan wajen da iska ta fi bi, don a wannan watan ba mai hankalin da ke kwana a ɗaki. Lantana ta rama sallolinta a zaune. Ta naɗe tabarmarta da ke tsakar gida tun farkon bazara, ta shigar da ita ciki, ta ja ƙofa, ta toshe tagar da tsumma. Ɗakin ya sha rana tun safe, bangon har turiri yake yi. Ta kwanta a gefe ɗaya, ta kwantar da Baƙuwa a jikinta, ta ja zane ta rufe su. Ta ɗora tafin hannunta a kan askakken cikin, a hankali, wajen ƙarƙashin haƙarƙari, ta ji ɗumi, ta kuma ji taurin abin da ke ciki. Kyanwar ta fara gurnaninta ƙasa-ƙasa, yana yankewa yana dawowa.

A nan kukan da ta riƙe tun azahar ya ƙwace mata. Ta yi maza ta juya fuskarta wajen bango, ta danna ta a gefen zane, don kada ko ɗigo ɗaya ya sauka a kan Baƙuwa.